"Mai ɗorewa": wai me ake nufi da ita a harkar noma?

Yanzu da wuya a raba buhun taki a jihar Sakkwato ba a kira abin "shirin noma mai ɗorewa" ba. Haka in an raba injin ban ruwa, haka in an raba awaki ga mata. Mai gabatar da shiri a rediyo zai faɗe ta, ɗan siyasa ya maimaita, wakilin ƙungiyar agaji ya rufe taro da ita. In ka saurara da kyau, wani "babba" yake nufi, wani "na zamani", mafi yawa kuma "wanda zai daɗe".

Wannan na ƙarshen shi ya fi damu na, don ya yi kusa da gaskiya har ya rufe ta.

Yadda kalmar ta shigo bakin hukumomi ba dogon labari ba ne. A 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya bayyana ci gaba mai ɗorewa da cewa shi ne biyan buƙatar mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe hanyar biyan tasu ba. A 2015 aka fitar da muradu 17 da ake son cimmawa zuwa 2030, na biyunsu kawar da yunwa. Tun daga nan duk takardar neman tallafin da ba ta ɗauke da kalmar sai ta zama kamar miya ba gishiri, kowa ya koyi barbaɗa ta.

Amma Bahaushe ya riga takardun sanin bambancin daɗewa da ɗorewa. Dutse yana daɗewa, ba a cewa ya ɗore. Ɗorewa 'yar gidan su ɗora ce da ɗori: a haɗa wani abu da wani har su zama ɗaya, yadda mai ɗori ke haɗa ƙashin da ya karye, ko yadda ake cewa a ɗora daga inda aka tsaya. Zumunci ne ke ɗorewa, da sana'ar gado. Ke nan abu mai ɗorewa shi ne wanda bana ke haifar da baɗi a cikinsa, ba sai wani ya zo daga waje ya sake tayar da shi ba. A noma, tambayar ita ce: irin da za a shuka baɗi, da ƙarfin ƙasar, da ruwan, da kuɗin aikin, daga amfanin bana za su fito ko sai an jira mota daga birni?

Duk wanda ke son ganin bambancin ya dubi madatsar ruwan Bakolori. An kammala ta a 1978 a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, lokacin yankin yana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. An tsara ta shayar da hekta 23,000, mafi yawa ta hanyar bututan da ke feshin ruwa. Aka tashi ƙauyuka, aka karɓe gonaki, rigimar diyya ta yi tsanani har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta, aka rasa rayuka da yawa. Wannan ɓangaren an san shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da madatsar.

Kafin a tare kogin, duk damina yakan cika ya malala cikin fadama, ya bar laka da danshi. Da wannan ambaliyar ake noman shinkafa, in ruwa ya janye a bi danshin da kayan rani, a kama kifi a tafkunan da ya bari, shanu su samu ciyawa. Ba wanda ya sa hannu a takarda, ba kasafin kuɗi, kogin ne ke sabunta ƙasar kowace shekara. Da aka tare shi ambaliyar ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya a ƙauyuka da dama, wasu suka koma gero da dawa, masunta suka yi ƙaura. Can sama kuma na'urorin feshin suka lalace, ba kayan gyara, har zuwa farkon shekarun 2000 abin da ake nomawa bai kai rabin abin da aka tsara ba. Sai daga baya aka sake zuba kuɗin Bankin Duniya don farfaɗo da hanyoyin ruwan. Ginin yana nan, ya haura shekara 40, ya daɗe ƙwarai. Abin da ke ɗorewa kuwa shi aka yanke don a gina shi. Ba ina cewa madatsa haramun ba ce; ta Goronyo da aka gama a 1984 tana ba birnin Sakkwato ruwan sha, tana kuma riƙe noman rani a kwarin Rima. Amma a daina auna ɗorewa da kaurin siminti.

Masu aikin ɗorewa na gaske a ƙauyukanmu galibi ba su san an yi wa abin suna ba. Dubi manomi lokacin girbin gero, yana bi yana ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, wadda tsuntsu da tsutsa ba su taɓa ba, ya ɗaure ta daban ya rataye can ƙuryar rumbu, ya gargaɗi gida cewa ko yunwa ta yi yaya wannan damin ba na tuwo ba ne. Dubi wanda ke barin gawo a tsakiyar gonarsa: itacen da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun mai da wannan tsari tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma maimakon sassabe shi, kuma miliyoyin hekta sun sake yin itatuwa a Nijar ba da dashe ba. Sai tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi: bayan an kwashe amfani Bafulatani ya sauka da shanunsa su ci kara, su bar kashi a gona, a sallame shi da hatsi.

Kada a ɗauka ina kiran a koma jiya ne. Wanda ya taɓa ban ruwa da jigo, yana ɗaga guga tun asuba don 'yan fangalai kaɗan, ba zai so ɗansa ya gaje shi a haka ba. Ingantaccen iri ma ba abokin gaba ba ne. Geron sosat yana nuna da wuri, ya dace da daminarmu da ba ta wuce wata huɗu, kuma ana iya ajiye irinsa. Wanda ake tsoro shi ne irin da dole a koma kanti duk shekara, don 'ya'yansa ba sa ba da abin da uwar ta bayar.

Injin ban ruwa shi ne misalin da ke tsaka-tsaki. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injuna masu shan fetur, kuma ya canza noman rani a Wurno da Kware da Kwalkwalawa. Ya karɓu don makanikin ƙauye yana iya kwance injin ya ɗaure, kayan gyara kuma suna kasuwa. Sai dai gindinsa na kan fetur mai araha. Da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023, farashi ya ninka, manoma da yawa suka rage fili, wasu suka juya injin zuwa gas ɗin girki. Yanzu ana ta yabon mai amfani da hasken rana, kuma a garin da rana ba ta ƙaranci wannan hankali ne. Tambayata ɗaya: in akwatin wutarsa ya ƙone a Gada, a Gada za a gyara ko sai an aika Kano?

Akwai kuma ɗorewar aljihu, wadda masu jawabi ke tsallakewa. Mai albasa yana kwashewa lokacin da kowa ke kwashewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. In ya ajiye a rudu yana jiran tsada, zafi da danshi su ruɓar da kaso mai yawa. In ya ci bashi ya yi noman, dillali ne zai yanka masa farashi tun albasar tana ƙasa. Ƙungiyar manoman da ta gina rumbun albasa mai shan iska, ko matan da ke adashe su sayi gyaɗa da kaka su riƙa fitar da mai da ƙuliƙuli har bazara, sun fi kusa da ma'anar kalmar fiye da tirelar taki ta shekarar zaɓe. Takin yana da amfani, amma sunansa tallafi, a kira shi da sunansa.

A gabashin jihar kuwa, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, maganar ta wuce nan. Akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Iyalin da suka gudo cikin gari sun cinye irin da suka rataye ko an ƙone shi tare da rumbun, shanun huɗa an kore su, makiyayin da ke sauka a gonar da kaka shi ma an sace nasa garken ko tsoro ya hana shi zuwa. Ko gobe aka samu zaman lafiya, wanda ya koma gida zai tarar da gona, amma irin geron da gidansu ya yi shekaru yana zaɓa sai dai ya roƙa wurin dangi a wani gari, in su ma nasu ya tsira.