Kafin Na'ura Ta Fara Zane: Yadda Rumbun Bayanai Ya Shiga Fasaha

Tun 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto suka bazu, masu zane ke ta kokawa cewa an kwashe ayyukansu daga intanet an zuba a rumbun bayanan da ake koya wa na'ura zane da su, ba da saninsu ba. A Amurka har magana ta kai gaban kotu a farkon 2023. Ana ta cece-kuce kamar jiya aka fara, alhali masu fasaha sun daɗe suna tono wannan batu tun ba mai sauraronsu.

A shekarun 1920 Bajamushe Aby Warburg, masanin tarihin fasaha, ya riƙa jera hotuna kusan 1,000 a kan alluna masu baƙin ƙyalle don a ga yadda wata siffa ke yawo daga zamani zuwa zamani. Mai zane Gerhard Richter ya ɗora da nasa tarin hotunan tun shekarun 1960. A 1994 mai fasaha Antoni Muntadas ya kewaye wani ɗaki a Chicago da baƙaƙen durowoyin fayil, ya sa kwamfutoci a tsakiya, kowa na iya shigar da labarin wani aiki da aka taɓa haramtawa. Masana sun yi ta rubutu a kan waɗannan.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne aikin Anna Ridler, 'yar Ingila, na 2018, kuma a ganina nan ne maganar ta juya. Tana son koya wa na'ura zana furen tulip, sai ta ƙi ɗaukar hotunan wasu. Ta tafi ƙasar Holan a lokacin da furen ke fitowa, ta ɗauki hoto 10,000 da kanta, kowane fure a kan baƙin bango. Daga nan ta zauna tana rubuta wa kowanne bayaninsa da hannu: launinsa, yana da ratsi ko babu, ya buɗe ko ya fara yaushi. Aikin ya ci watanni. Kuma kowane hoto sai ta yanke hukunci, domin akwai furen da ba za ka ce fari ba ne kai tsaye, ba kuma za ka ce ruwan hoda ba. Abin da ta rubuta, shi na'ura za ta haddace a matsayin gaskiya har abada.

Da ta gama, ta koya wa na'urar da hotunan, ta yi bidiyon da ake kira Mosaic Virus, inda ratsin furen ke ƙaruwa ko raguwa bisa farashin Bitcoin, tana tuna wa mutane haukan cinikin tulip da aka yi a Holan a shekarun 1630. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ta wanke dubban hotunan nan ta manna su a bango, da rubutun hannunta a jikinsu, ta ce wannan ma aikin fasaha ne, sunansa Myriad. Mai kallo yana ganin gumin da aka zuba, yana ganin inda mutum ya zaɓa. Wasu manyan rumbunan hotuna ma haka aka gina su, sai dai masu laƙaba wa hotunan sunaye dubban ma'aikata ne da ake biya kuɗi kaɗan, ba mai jin sunansu. Tushen matsalar ke nan: an saba ɗaukar tattara bayanai kamar tsintar abin da ba shi da mai shi.

Mimi Onuoha, Ba'amurkiya 'yar asalin Najeriya, ta zo wa batun ta ɗaya gefen tun 2016, da farar durowa cike da fayil-fayil marasa komai a ciki, kowanne ɗauke da sunan bayanan da ba wanda ya damu ya tattara.

A 2022 masu fasaha Holly Herndon da Mat Dryhurst da abokan aikinsu suka buɗe shafin da mai zane zai duba ko aikinsa na cikin wani rumbu mai hotuna sama da biliyan 5. Wannan ya ba masu zane hujjar neman a riƙa tambayar izininsu, a kuma biya su diyya. Masu laƙaba sunayen kuwa har yanzu ba a cika sako su cikin muhawarar ba.