Mene ne firemwok, kuma wanne ya dace mai koyo a Damagaram ya kama?

Firemwok ya zama ruwan dare a bakin matasan da ke koyon haɗa shafukan intanet a Damagaram, daga ɗaliban Jami'ar André Salifou har masu koyo da kansu ta YouTube. Abin da ake nufi shi ne tarin kod, wato rubutaccen umarni ga kwamfuta, da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka shimfiɗa masa ƙa'idoji, kai kuma ka zo ka ɗora naka aikin a kai. Wanda ake yawan gardama a kansa shi ne na fuskar shafi, wato ɓangaren da mai ziyara yake gani yana taɓawa: maɓallai, hotuna, guraben rubuta suna, kwandon saye. Abin da ke can baya, inda ake ajiye bayanai, wani fanni ne daban.

Burawuza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, abu uku take ji. HTML ke shimfiɗa shafi, CSS ke yi masa ado, JavaScript kuma, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, shi ke sa shi motsi. Da su kaɗai ana iya gina kowane irin shafi. Wahala tana fitowa ne idan aiki ya girma. A ce wani baduku a Kasuwar Dole yana son sayar da takalma da jakunkunan fata ta intanet. Mai saye ya jefa takalmi ɗaya cikin kwando: dole adadin kayan da ke sama ya canza, jimillar kuɗi ta canza, abin da ya rage a shago ya ragu. In da hannu kake yi, sai ka bi kowane wuri ka gyara, kuma ranar da ka manta ɗaya, shafi zai nuna jimillar kuɗi jaka 10 a sama, jaka 8 a ƙasa. Da firemwok, kai dai ka faɗi yadda shafi zai kasance bisa bayanan da ke hannu. Da zarar bayanan sun canza, shi zai sabunta duk inda ya kamata.

Amfaninsa na biyu shi ne rarraba shafi gutsure-gutsure. Kamar abin buga bulo ne: sau ɗaya za ka ƙera katin da ke nuna hoton kaya da farashinsa, sannan ka fitar da ɗari daga gare shi.

Huɗu ne sunansu ya fi fita. React daga Facebook ya fito, an sake shi ga jama'a a 2013, kuma shi ya fi yawan masu amfani da darussa da tallan neman ma'aikata. Masu shi ma ba sa kiransa cikakken firemwok, don zanen fuska kawai ya ɗauka. Sauran abubuwa, kamar tafiya daga shafi zuwa shafi, sai ka nemo ka haɗa, ko ka ɗauki Next.js, firemwok ɗin da aka gina a kan React. Wannan ƴanci yana da daɗi ga gwani, amma yana rikita sabon shiga. Angular na Google ne, kuma ya zo da komai nasa a haɗe, da tsarin da ba a kauce masa. An fara da AngularJS a 2010, aka sake rubuta shi daga tushe a 2016 da TypeScript, yaren da Microsoft ya gina a kan JavaScript. Hattara a nan: tsohon an daina kula da shi tun ƙarshen 2021, amma bidiyoyinsa suna nan birjik, kada mutum ya ƙona forfensa a kan abin da aka binne. Vue kuwa Evan You ne, tsohon ma'aikacin Google, ya fitar da shi a 2014, kuma wanda ya iya HTML zai ji kamar yana gida. Sai Svelte na Rich Harris, 2016, wanda ke gama yawancin aikinsa tun a kwamfutar mai gini, don haka abin da ke sauka a wayar mai ziyara kaɗan ne.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ba a cika tattaunawa a fada ba, alhali ya fi shafar mu. Duk kod ɗin da ka tura, wayar wani ce za ta sauke shi da kuɗinsa, ta kuma sha wahalar sarrafa shi. Shafin da ke buɗewa nan take a kwamfutarka yana iya tsayawa fari fat a ƙaramar Android ta wani a Mirriya ko Tanut, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Shafin makaranta ko na asibiti mai nuna adireshi da lokutan aiki ba ya bukatar firemwok ko kaɗan.

A ganina, mai neman aiki a Yamai, Kano ko daga nesa ya kama React, don nan kasuwa take, kuma daga shi ana zarcewa React Native a yi manhajar waya. Mai aiki shi kaɗai yana yi wa ƴan kasuwa shafuka zai fi samun sauƙi da Vue, wanda littafin bayaninsa yana nan da Faransanci. Angular sai babban aiki mai hannu da yawa. Amma kafin ko ɗaya, a zauna da JavaScript tsantsa har a iya rubuta wancan kwandon baduku da hannu. Wanda ya yi haka, sauya sheƙa daga React zuwa Vue ba zai ba shi wuya ba, don gutsure da sabunta bayanai duk tunani ɗaya ne, salon rubutu ne ya bambanta.