Antisens RNA da rabuwar sel: tambayoyin da ƙanwata ta yi min a danfo

Ƙanwata karatun nas take yi nan Legas. Ran Lahadi muna cikin danfo daga Agege, gosulo ya riƙe mu a Oshodi, sai kawai ta zaro littafi ta hau ni da tambaya a kan antisens RNA, wai an musu darasin amma bai zauna mata ba. Ga yadda muka yi.

Yaya, wai mene ne shi antisens ɗin?

Kin ga DNA littafin gida ne, ba a fita da shi. In sel, wato ƙwayar halittar jiki, zai ƙera furotin sai ya kwafi shafin da yake so a RNA, shi ne saƙon da ake aikawa. Haruffansa huɗu ne, A na kama U, G na kama C. To DNA zare biyu ne, saƙon daga ɗaya ake kwafo shi, antisens kuma daga ɗaya zaren, don haka duk harafinsa abokin na saƙon ne. Na kama zik ɗin jakarta na ja, na ce haka suke haɗewa, saƙo ya rufe ruf, ba karatu ba furotin. Wani ma ba ya jiran a aiko saƙon, tun a tushe yake kulle ƙwayar gadon.

To ina ruwansa da girman jiki?

Sel ba ya rabuwa haka nan, sai an taka masa totur, kuma yana da birki. IGF2 totur ne, shi ke sa ɗan tayi girma, shi kuma IGF2R aikinsa ya kwashe rarar IGF2 ya kai a lalata. A jikin ɓera akwai wani dogon antisens, Airn, da ke kashe IGF2R ɗin da aka gada wajen uba, sai na uwa kaɗai ke aiki. ɗakin binciken Denise Barlow ne suka nuna haka a 2002, da suka guntule Airn sai na uban ya farka. ɓeran da ya rasa na uwa kuwa ya fi 'yan uwansa girma ake haifo shi, kuma yawanci ba ya rayuwa.

Kenan shi birki ne?

A'a fa, nan ne mutane ke rikicewa, kuma a ganina nan ne duk zancen yake. Ya danganta da wa ya rufe wa baki. In totur ya rufe, sel ya lafa. In birki ya rufe, ai kin san sauran, mota a gangara ba birki. Wani antisens mai suna ANRIL da ke kuromosom (ƙunshin DNA) na 9 haka yake yi, yana jawo furotin masu naɗe DNA su danne p15 da p16, su kuwa su ne masu tsayar da sel kafin ya fara kwafar DNA ɗinsa, shi ya sa ake yawan ganinsa ya hau a ciwon daji iri-iri. A kuromosom na 11 ma akwai wani antisens, KCNQ1OT1, da ke danne birkin p57, ka'ida na ɓangaren uba ne kawai ke tashi, in na uwa ma ya tashi sai a haifi jariri ƙato da babban harshe, cutar Beckwith-Wiedemann kenan, kuma irin yaran nan ana sa musu ido sosai saboda dajin ƙoda. Wallahi ki riƙe wannan, wataran a ɗakin haihuwa za ki gani.

Ɗan Adam ya taɓa amfani da dabarar?

Sosai ma. Tumatirin Flavr Savr da ya shiga kasuwar Amurka a 1994 antisens aka sa masa ya toshe sinadarin da ke sa shi laushi da wuri. Bai daɗe a kasuwa ba, amma duk wanda ya taɓa ganin kwandon baje a Mile 12 bayan tirela ta kwana biyu a hanya ya san abin da suke gudu.

A magani fa?

Tun 1978 Zamecnik da Stephenson suka hana wani bairos na kaji yaɗuwa da ɗan guntun zare mai harafi 13. A 1998 aka amince da maganin farko, na ciwon ido, a 2016 kuma Spinraza na yara masu shanyewar tsoka, shi a ruwan laka ake yin allurarsa. Ta ce na daji fa? Na ce wahalar ita ce kai zaren cikin ƙarin dajin kafin jini ya narkar da shi. Tana cikin rubuta wannan kwandasta ya buga ƙofa, mun iso Mushin.