Jiragen fasa ƙanƙara: wa ya fi wani, kuma da me ake auna su?

Ruwan teku yana daskarewa idan sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. A Tekun Aktik da ke ƙuryar arewacin duniya, da kewayen Antatika a kudu, wannan ƙanƙara kan rufe hanyar jiragen ruwa watanni da dama a shekara. Duk ƙasar da ke son kai kaya, ko kwaso gas, ko tsare iyakarta a can, sai ta mallaki jirgin da zai buɗe hanya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan jirage da gasar da ake yi a kansu.

Yaya jirgi yake fasa ƙanƙara? Yankawa yake yi da hancinsa?

A'a, hawa yake yi. Ƙanƙara tana da taurin kai idan aka tunkuɗe ta daga gefe, amma idan aka danna ta daga sama ba ta jure lanƙwasa, sai ta tsage. Don haka ake yi wa goshin jirgin gangara kamar bayan cokali. Injin ya tura, goshin ya hau kan ƙanƙarar, nauyin dubban tan ya sauka a kanta, ta karye, gutsattsarin su nutse su bi ta gefe da ƙarƙashin jirgin. A ƙanƙara shimfiɗaɗɗiya haka zai yi ta tafiya da gudun kilomita 4 zuwa 6 a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa.

Wahalar tana wurin tudun ƙanƙara. Iska da igiyar ruwa kan haɗa manyan falalen ƙanƙara biyu su yi karo, su tattaru su yi tsibi. Abin da ake gani a sama mita kaɗan ne, amma gindinsa na iya nutsawa mita 20 ko fiye. A nan matuƙi zai ja da baya tsawon jirgi biyu ko uku, ya taho da gudu ya hau, ya sake ja da baya, har sai ta buɗe. Wani lokaci jirgin ya hau ya maƙale. Maganin wannan shi ne tankunan ruwa da ke hagu da dama a cikinsa: famfo ya kwashe ɗaruruwan tan na ruwa daga wannan gefe zuwa wancan cikin ɗan lokaci, jirgin ya yi ta rangaji har ƙanƙarar ta sake shi. Wasu jiragen kuma suna da ƙananan ramuka a ƙasan jikinsu da ke feso iska, kumfar ta taso da ruwa tsakanin ƙarfe da ƙanƙara don ta rage gogayya, musamman idan dusar ƙanƙara ta kwanta a sama, domin ita kamar yashi take riƙe jirgi.

Ita ma ƙanƙarar iri-iri ce. Ta shekara ɗaya ba ta cika wuce kaurin mita 2 ba, kuma gishirin da ke cikinta yana rage mata ƙarfi. Wadda ta shekara biyu ko fiye gishirin ya tsiyaye, ta yi tauri ƙwarai. Shi ya sa idan aka ce jirgi kaza yana fasa mita kaza, tambaya ta gaba ita ce: wace irin ƙanƙara, kuma da wane gudu?

To a ina ake gane ingancin ƙira? Me ya fi lalacewa?

Wuri na farko shi ne ƙarfen jiki. Ƙarfe na yau da kullum idan sanyi ya tsananta yakan daina lanƙwasa, ya koma tsagewa kamar gilashi. Saboda haka ake gwada ƙarfen waɗannan jirage da bugu a sanyin digiri 40, wani ma 60, ƙasa da sifili. A daidai layin da ƙanƙara ke gogar jirgi kaurin ƙarfen kan kai santimita huɗu zuwa biyar, haƙarƙarin da ke tokare shi ta ciki kuma a matse suke, tazararsu ba ta kai rabin mita ba. Walda a irin wannan ƙarfe aiki ne na gwanaye. Sai an ɗumama shi kafin a fara, a bar shi ya huce a hankali, sannan a duba kowane layi da na'ura. Tsaga ɗaya da ta ɓuya a cikin walda, sanyi da bugu za su tona ta a tsakiyar teku.

Na biyu farfela. Gutsuren ƙanƙara mai girman mota na iya shiga tsakanin fikafikanta ya tsayar da ita cak. Injin dizal da aka haɗa kai tsaye da farfela zai mutu a nan take. Don haka kusan duk manyan jiragen nan, injinsu wutar lantarki yake samarwa, wutar kuma ta juya wani injin lantarki da ke riƙe da sandar farfela. Irin wannan injin yana ba da cikakken ƙarfin murɗawa ko da farfelar ba ta motsi, sai ta niƙe ƙanƙarar ta ci gaba. A jirage da yawa fikafikan ɗaure su ake yi ɗaya-ɗaya da noti, don idan ɗaya ya karye a canza shi kaɗai. Ƙa'idar masu ƙira ita ce fiffike ya riga sanda karyewa, tunda fiffike mai sauƙin canzawa ne, sanda kuwa sai an fitar da jirgi daga ruwa.

Na uku ba a cika maganarsa ba, amma yana tsayar da jirgi: ƙofar da injin ke shan ruwan teku don sanyaya kansa. Ɓarɓashin ƙanƙara kan toshe ta, injin ya yi zafi a tsakiyar sanyi. Masu ƙira nagari suna mayar da ruwan ɗumi da ya fito daga injin zuwa wannan akwati don ya narkar da ita. Akwai kuma feshin ruwa da ke daskarewa a saman jirgi har nauyinsa ya yi barazanar kifar da shi. Har yau ma'aikata da guduma ta katako suke fita su farfasa.

Gaskiya ne Rasha ta yi wa kowa nisa?

A yawa da ƙarfi, ƙwarai kuwa. Tana da jiragen fasa ƙanƙara kimanin arba'in, kuma ita kaɗai ce a duniya ke da masu aiki da nukiliya, guda takwas, mazauninsu Murmansk ƙarƙashin kamfanin Atomflot. Na farkonsu, Lenin, ya fara aiki a 1959. A ranar 17 ga Agusta 1977 tsohon Arktika ya zama jirgi na farko da ya kai tsakiyar ƙuryar arewa ta saman ruwa.

Sabon Arktika, wanda aka ƙera a Sen Pitasbag ya fara aiki a 2020, tsawonsa mita 173 ne, faɗinsa 34. Tukwanen nukiliya biyu samfurin RITM-200 ke dafa ruwa, tururin ya juya janareto, a kai megawat 60 ga farfeloli uku. Yana fasa ƙanƙara mai kaurin kusan mita 3. Abin da ya fi burge injiniyoyi a jikinsa shi ne yana iya canza zurfin nutsewarsa: a buɗaɗɗen teku ya sha ruwa a tankuna ya nutse mita 10.5, idan zai shiga bakin kogin Ob ko Yenisei ya zubar ya taso. Da can wannan aikin jirage iri biyu ne. Sibir, Ural da Yakutia duk 'yan gidansa ne.

Dalilin nukiliya lissafi ne kawai. Injin dizal mai megawat 20 idan yana aiki da dukkan ƙarfinsa zai sha kusan tan 100 na mai a rana, kuma a gaɓar Saiberiya ba kowane wuri ake shan mai ba. Tukunyar nukiliya kuwa shekaru take yi kafin a sake mata makamashi.

Sai dai a tuna cewa Rasha bukata ce ta sa ta. Gaɓarta ta arewa dubban kilomita ce, ga ma'adinan Norilsk da gas ɗin Yamal da ake fitarwa ta teku. Da yawa cikin arba'in ɗin nan kuma ƙanana ne masu aikin tashar jiragen ruwa, wasu tsofaffi tun zamanin Tarayyar Sobiyet.

Ba su da aibu ke nan?

Suna da shi. A farkon 2020, lokacin gwaji, injin lantarki na farfelar dama ta sabon Arktika ya ƙone. An karɓi jirgin da ragin ƙarfi, sai a 2021 aka yanka jikinsa aka canza injin. Babban jirgin da ake jira, Rossiya, mai megawat 120 da faɗin kusan mita 48, wanda ake ƙerawa a ma'aikatar Zvezda a gabas mai nisa, ya yi jinkirin shekaru. Faɗin nan ba ado ba ne. Jiragen dakon gas na Yamal faɗinsu mita 50 ne, hanyar da Arktika ke buɗewa kuwa ba ta kai haka ba. A kasuwanci ma an yi alkawarin tan miliyan 80 na kaya a Hanyar Tekun Arewa, wadda ta bi gaɓar arewacin Rasha, kafin ƙarshen 2024, abin da aka samu bai kai miliyan 38 ba. A Nuwamba 2021 kuma sanyi ya yi sammako, jirage kimanin ashirin suka maƙale a gabashin hanyar suna jiran ceto.

Ina Amurka, da duk arzikinta?

Babban jirginta mai ƙarfi guda ɗaya ne, Polar Star, wanda ya fara aiki a 1976. Ƙarfi kam yana da shi: injunan gas uku irin na jirgin sama da ke kai ƙarfin doki 75,000. Amma tsufa ya kama shi. Ɗan'uwansa Polar Sea injinsa ya lalace tun 2010, kuma daga jikinsa ake ciro kayan gyara. Wani jirginta, Healy, matsakaici ne, na bincike, ya yi gobara a 2020 da 2024. A ƙarshen 2024 aka sayi wani jirgin 'yan kasuwa aka sa masa suna Storis don cike giɓi.

An ba da kwangilar sabon babban jirgi a 2019 da niyyar karɓa a 2024. Yanzu 2030 ake magana, kuɗin kuma ya ninka. Abin da ya faru a fili yake: ƙasar ta yi kusan shekara hamsin ba ta ƙera irinsa ba, masu zanen da masu waldar da suka san aikin sun tafi, zanen ya ɗauki shekaru bai kammala ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗi na iya sayen ƙarfe a wata guda, amma hannun da ya iya lanƙwasa shi da walda shi sai an yi shekaru ana renonsa. Kanada ma haka: babban jirginta Louis S. St-Laurent na 1969 ne, sai a 2025 ta rattaba hannu kan sababbi biyu.

Me ya sa sunan Finlan ke fitowa a kowace magana?

Domin a ra'ayinmu ita ce ma'aunin inganci a wannan sana'a. Mutanenta ba su kai miliyan shida ba, amma a lokacin sanyi mai tsanani duk tashoshin jiragen ruwanta kan daskare, don haka ba ta taɓa ajiye aikin ba. Fiye da rabin jiragen fasa ƙanƙara na duniya can aka ƙera su, waɗanda aka zana a can sun fi haka yawa. A Helsinki kamfanin Aker Arctic yana da doguwar kwatarniya da ake daskarar da ruwa a ciki, a ja ƙaramin samfurin jirgi, a auna komai kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Daga can aka fito da Azipod, wato injin lantarki da farfela a cikin kwanso ɗaya da ke rataye a ƙarƙashin jirgi yana juyawa kowace fuska. Wannan ya haifar da jirgin da ke tafiya gaba a ruwa, idan ya iske ƙanƙara mai kauri ya juya ya shige ta da baya, farfela tana niƙa tana wanke jikinsa. Jiragen gas 15 na Yamal, waɗanda Koriya ta Kudu ta ƙera, haka suke aiki, kuma suna ratsa mita 2 ba tare da rakiya ba.

Dubi masu zuwa wurin Finlan. Gangar jikin Taymyr da Vaygach na Rasha a Helsinki aka yi, aka kai Leningrad, wato Sen Pitasbag ta yanzu, aka sa musu nukiliya. Jirgin Afirka ta Kudu, S.A. Agulhas II, a garin Rauma na Finlan aka ƙera shi a 2012. A Yuli 2024 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniyar ƙera jirage da Finlan, a Oktoba 2025 kuma aka amince a ƙera wa Amurka matsakaita 11, huɗu daga ciki a Finlan.

Sin fa, da ba ta da gaɓa a Tekun Aktik?

Koyo take yi da sauri. Jirginta Xue Long ta saye shi daga Yukren a 1993. Xue Long 2 kuwa a Shanghai ta ƙera shi a 2019 da taimakon zanen Finlan, yana fasa mita ɗaya da rabi gaba da baya. A 2024 ta ƙara wasu biyu na bincike. Ba su kai na Rasha ƙarfi ba ko kusa, amma tana da manyan ma'aikatun ƙera jirage fiye da kowa, kuma tun 2018 ta kira kanta ƙasa mai maƙwabtaka da Aktik.

Ƙanƙarar ba narkewa take yi ba? Me ake rububi a kai?

Narkewar ce ta ƙara bukatar. Da can ba mai zuwa. Yanzu jirage sun yawaita, ƙanƙarar da ta rage kuma ta fi yawo da iska, ta toshe mashigi a kwana ɗaya. Hanyar arewa tana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na tafiya tsakanin arewacin Turai da gabashin Asiya idan aka kwatanta da mashigin Suwez. Rasha, bisa dogaro da sashe na 234 na dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana bukatar a nemi izininta kafin a bi. Kanada na ɗaukar mashigin arewa maso yamma, wanda ya ratsa tsibiranta na arewa, a matsayin ruwanta na cikin gida. Amurka ba ta yarda da ko ɗaya ba. A irin wannan jayayya, wanda zai iya zuwa wurin a watan Fabrairu ya ja jirgin da ya maƙale ko ya kwashe man da ya zube shi ake saurara.

A kudu lamarin daban ne. Yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta hana ayyukan soja, ƙarin da aka yi mata a Madrid a 1991 ya hana haƙar ma'adinai. Aikin jirage a can kai abinci da mai ne ga tashoshin bincike. Kowace shekara Polar Star kan baro Siyatil ya je ya buɗe hanya zuwa tashar binciken Amurka ta McMurdo don jiragen kaya su shiga, ya dawo, a shigar da shi wurin gyara, a shirya shi don zuwa na gaba.