Waiwaye: Besta, dutsen da aka taɓa lissafawa cikin duniyoyi

A ranar 29 ga Maris 1807 wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Olbers, wanda ke duba marasa lafiya da rana yana duba sama da dare a birnin Bremen, ya hango wani ɗigon haske da ke sauya wuri a tsakanin taurari. Neman sa yake yi da gangan, domin tun da ya gano wani dutsen sama mai zagaya rana, Pallas, a 1802 ya ɗauka cewa wata duniya ce ta tarwatse tsakanin duniyoyin Mirrihi (Mars) da Mushtari (Jupiter), kuma dole a sami sauran ɓaraguzanta. Masanin lissafi Carl Gauss ne ya raɗa wa sabon dutsen suna Besta. An daɗe ana lissafa shi cikin duniyoyi, sai wajen shekarun 1850, da irinsa suka yi yawa, aka cire shi daga sahun.

Besta yana kammala zagayen rana cikin shekara uku da wata bakwai da 'yan kwanaki, yana kuma juya kansa cikin awa biyar da minti ashirin. Faɗinsa kusan kilomita 525 ne, wato ya ɗara tazarar Birnin Kebbi zuwa Kano a miƙe. Ya fi duk 'yan'uwansa haske, har idan ya matso, mai kaifin ido a ƙauyukan Argungu, inda ba fitilun gari, zai iya tsinkayo shi bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya rufe sama.

A ganina, muhimmin babi shi ne na kumbon Dawn na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya zagaye shi daga Yulin 2011 zuwa Satumban 2012. Awon kumbon ya tabbatar da cewa Besta ya taɓa narkewa, ƙarfe ya nutse tsakiya, dutse ya daskare a waje, kamar yadda ya faru da duniyarmu. Hasashen Olbers bai tabbata ba: Besta duniya ce da ta fara ginuwa, ƙarfin jan Mushtari ya tsayar da girmanta. A kudancinsa akwai ramin Rheasilvia mai faɗin kusan kilomita 500, da tsauni a tsakiya da tsayinsa ya haura kilomita 20, kuma masana na danganta wani rukuni na duwatsun da ke faɗowa duniya da irin wannan karo da ya fasa shi.