Me Ake Nufi da "Damuwar Ƙwayar Halitta"?

Idan aka ce damuwa, hankalinmu kan tafi ne ga zuciya, ga tunani da fargaba da rashin barci. Shi ya sa mutum kan yi turus idan yana karanta bayanin lafiya ya ci karo da magana irin "ƙwayoyin jiki suna cikin damuwa", ko ya ji wani likita yana cewa "sitires ɗin ƙwayar halitta". Abin da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, wanda ba shi da ƙwaƙwalwa balle tunani, ina ya ga damuwa?

A bakin masana ilimin halittu kalmar tana da wata ma'ana daban. Kowace ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin tubali mai rai da aka gina jikin mutum da dabba da tsiro da shi, tana da yanayin da take aiki lafiya a cikinsa: zafi daidai, ruwa da gishiri daidai, iskar oksijin daidai. Duk abin da ya ture ta daga wannan daidaito har ya soma yi wa kayan cikinta lahani, shi ake kira damuwa. Zafi mai yawa damuwa ne, haka ƙarancin oksijin, yunwa, guba, ƙunar rana, ko shigowar ƙwayar cuta. Abin da ƙwayar ke yi don ta tsira kuma shi ne martanin damuwa. Ba duk abin da ya taɓa ƙwaya ne damuwa ba. Haske da ya faɗa cikin ido ko ƙara da ta shiga kunne saƙo ne kawai da ke motsa ta. Saƙon yana zama damuwa ne idan ya zo da barazanar ɓarna.

Wanda ya yaɗa kalmar a fagen likitanci shi ne Hans Selye, wanda aka haifa a birnin Biyana a 1907, ya yi aikinsa a Kanada. A 1936 ya wallafa wani gajeren rahoto a mujallar Nature kan gwajin da ya yi da ɓeraye. Ko sanyi ya sa musu, ko guba, ko rauni, ko aikin wahala, sakamakon kusan ɗaya ne: 'yar tsokar da ke saman ƙoda, wadda ake kira adirinal, takan kumbura, wasu sassan garkuwar jiki su motse, gyambo ya fito a tumbi. Wato jiki yana da amsa guda da yake bai wa masifu iri-iri. Selye ya ga wannan a jikin dabba sukutum. Abin da bai iya gani ba a lokacin shi ne cewa kowace ƙwaya tana da irin wannan amsa tata ta kanta.

An gano hakan ne ta hanyar kuskure. A farkon shekarun 1960 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin tsutsar wani ƙaramin ƙuda da ake yawan gwaji da shi. Sai wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake ajiye tsutsotsin. Da Ritossa ya duba a madubi, sai ya ga wasu wurare a jikin kuromosom ɗinsu, wato igiyoyin da ke ɗauke da umarnin gado, sun kumbura. Kumburin alama ce ta cewa an buɗe waɗannan wurare ana karanta umarnin da ke cikinsu cikin gaggawa. Ya wallafa abin da ya gani a 1962, mutane ƙalilan ne suka kula. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna cewa zafin yana sa ƙwayar ta rage ƙera yawancin furotin ɗinta na yau da kullum, ta mayar da hankali kan wasu 'yan kaɗan. Su ne aka sa wa suna furotin na bugun zafi, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Hsp70.

Kafin a gane amfaninsu sai an san mene ne furotin. Kusan duk aikin da ke gudana a cikin ƙwaya furotin ne ke yin sa. Kowanne ana ƙera shi ne a matsayin dogon zare, sannan zaren ya nannaɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman, kamar yadda mabuɗi ke da haƙoran da suka dace da kwaɗo ɗaya tak. Siffar ita ce aikin. Zafi yana sassauta naɗin, zaren ya warware, sassan da ya kamata su ɓuya a ciki su fito fili. Waɗannan sassa kuwa masu danƙo ne, da zarar sun haɗu da irinsu sai su manne su zama curi, curin kuma guba ne ga ƙwaya. Aikin Hsp70 da 'yan uwansa shi ne su kama furotin ɗin da ya warware, su rufe wurin danƙon, su ba shi dama ya sake naɗewa. Wanda ya lalace har ba ya gyaruwa su miƙa shi a niƙe. Saboda haka ne masana ke kiran su 'yan rakiya.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ƙwayar ke sanin cewa akwai matsala. A wannan tsari ba zafin kansa take aunawa ba, ɓarnar take gani. Akwai wani furotin mai suna HSF1, wanda shi ne ke ba da izinin ƙera ƙarin 'yan rakiya. A lokacin zaman lafiya 'yan rakiyar suna riƙe da shi, ba ya iya kataɓus. Idan furotin da yawa suka warware, sai 'yan rakiya su sake shi su ruga wurin aiki. Da ya samu kansa sai ya haɗu da irinsa su zama uku, su hau kan DNA, wato zaren da umarnin gado ke rubuce a kansa, su buɗe umarnin ƙera sababbin 'yan rakiya. Idan sababbin suka yi yawa, aiki ya ragu, sai rarar su dawo su sake kama HSF1, komai ya lafa. Masu gyaran su ne masu gadin ƙararrawa, kuma su ne masu kashe ta. Wannan ne ya sa guba irin ta ƙarfe mai nauyi ko barasa ke tayar da martani iri ɗaya da na zafi, tunda duk ɓarna ɗaya suke yi. Tsarin kuma ya bazu cikin halittu ƙwarai: Hsp70 na ɗan Adam da takwaransa na bakteriyar hanji sun yi kama da juna da kusan rabi.

Ƙarancin oksijin yana da tasa dabarar, mai kama da almubazzaranci a kallon farko. Ƙwayoyin jikinmu kullum suna ƙera wani furotin da ake kira HIF, kuma kullum suna rusa shi cikin 'yan mintoci. Masu sa masa alamar rusawa wasu sinadarai ne da ba sa iya aiki sai da oksijin. Idan sun sa alamar, wani furotin mai suna VHL ya gane ta ya kai shi wurin niƙa. Ranar da oksijin ya yi ƙasa, masu sa alama sun tsaya, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwaya ya buɗe ɗaruruwan umarni: a tsiro da sababbin hanyoyin jini, a koma samar da kuzari ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin sosai, ƙoda ta saki wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, wanda ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Me ya sa za a yi ta ƙera abu ana zubarwa? Saboda sauri. Da sai iska ta yanke sannan za a fara shiri daga tushe, da an makara. Wannan ne ke faruwa ga wanda ya hau tsauni mai tsawo ya zauna makonni, jininsa ya ƙara kauri. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun samu kyautar Nobel a 2019 saboda bankaɗo wannan tsari.

Yunwa ma da nata martanin. Ƙwaya takan naɗe tsofaffin kayan cikinta ta narkar da su ta sake amfani da abin da ya fito, aikin da Yoshinori Ohsumi na Japan ya fayyace ta hanyar nazarin yisti, ya samu Nobel a 2016. Tsirrai kuwa, da ba su da ƙafar gudu, idan fari ya matsa sukan tara wani homon da ke rufe 'yan ƙofofin da ke jikin ganye don ruwa ya daina fita.

Wani lokaci gyara ba ya yiwuwa. Idan DNA ta karye, akwai furotin mai suna p53, da aka gano a 1979, wanda ke dakatar da ƙwayar daga rabuwa har sai an ɗinke karayar. In ɓarnar ta fi ƙarfin ɗinki, shi ne ke ba da umarni ƙwayar ta kashe kanta cikin tsari, ba tare da ta cutar da maƙwabtanta ba. Fatar da ke saɓulewa bayan ƙunar rana, a cikinta akwai ƙwayoyin da suka bi wannan hanya. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana samun p53 a lalace a cikinsu. Giwa, duk da girman jikinta da yawan ƙwayoyinta, ba ta cika kamuwa da daji ba, kuma an gano tana ɗauke da kwafi kusan 20 na umarnin ƙera p53, alhali mu guda ɗaya gare mu daga kowane mahaifi.

To ina alaƙar duk wannan da damuwar da muka sani, ta zuciya? Akwai ta, kuma ta kusa. Idan mutum ya firgita, tsokar adirinal kan zuba adirenalin cikin jini. Shi wannan homon ba ya shiga cikin ƙwaya, a bakin ƙofa yake tsayawa ya taɓa wani makarɓi da ke jikin bangonta, makarɓin ya tayar da ɗan aike na biyu a ciki. Earl Sutherland ne ya gano wannan ɗan aike, ya samu Nobel a 1971. Saƙo ɗaya daga waje yakan zama dubbai a ciki, shi ya sa cikin daƙiƙoƙi hanta ke sakin sukari, zuciya ta ƙara bugu. Bayansa sai kotizol, wani homon da adirinal ke saki, ya biyo, shi kuma ratsa bango yake yi ya shiga. Makarɓinsa yana zaune a cikin ƙwaya, kuma wanda ke riƙe da shi cikin shiri har saƙon ya iso ɗaya ne daga cikin 'yan rakiyan nan, Hsp90. Da kotizol ya kama makarɓin sai ya nufi cibiya ya sauya umarnin da ake karantawa. Jiki magayi, in ji masu iya magana, fargabar da ta fara a ƙwaƙwalwa tana isa har kan DNA.

Akwai kuskuren da nake yawan gani, kuma yana damuna, na ɗaukar duk wata damuwar ƙwaya a matsayin cuta da dole a kawar. Gwaji ya nuna akasin haka tun tuni. Ƙwayar da aka ɗan ɗumama, aka bar ta ta huta, takan jure zafin da zai kashe wadda ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, domin ta riga ta tara 'yan rakiya. A 1986 masu bincike a Amurka sun nuna cewa idan aka toshe jinin zuciyar kare na 'yan mintoci aka sake, sau da dama, to doguwar toshewar da ta biyo baya ba ta yin ɓarna kamar yadda ta saba. Motsa jiki ma haka yake aiki: tsoka na shiga ƙarancin kuzari da zafi da tarin sinadarai masu ƙuna, martanin da take mayarwa shi ne ƙarfin da ake samu.

Waɗannan sinadarai masu ƙuna, da ke fitowa yayin da ƙwaya ke amfani da oksijin, su ne tushen wata magana da masu tallan magungunan ƙarin lafiya ke so ƙwarai, wai maganinsu yana kashe waɗannan sinadarai ya kare jiki. Gaskiya ne idan sun yi yawa suna lalata furotin da DNA. Amma jiki yana da nasa masu kashe su, kuma yana amfani da kaɗan daga cikinsu a matsayin saƙo, har ƙwayoyin garkuwa na harbin bakteriya da su. A Finlan an gwada ba wa maza masu shan taba kusan 29,000 irin waɗannan magungunan ƙarin lafiya. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. Duk wanda aka ce masa wata ƙwayar magani za ta wanke masa damuwar jiki, ya dace ya san da wannan.

Inda martanin ke zama illa shi ne idan ya ƙi mutuwa. An tsara shi ne don ya tashi, ya yi aiki, ya kwanta. Kotizol na awa ɗaya taimako ne, na watanni kuwa yana danne garkuwar jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya cinye tsoka da ƙashi. Ƙwayoyin da ke ƙera insulin, idan aka tilasta musu aiki fiye da kima shekara da shekaru, ma'aikatar naɗe furotin ɗinsu takan cushe, kuma ƙararrawar da ta fara da neman gyara takan ƙare da umarnin mutuwa. Ana ganin wannan yana cikin abubuwan da ke tsananta ciwon sukari. A cututtukan ƙwaƙwalwa irin su Alzheimer da Parkinson kuwa, curin furotin ne ake tararwa ya taru fiye da yadda masu shara za su iya kwashewa.

Ciwon daji shi ya fi kowa cin moriyar waɗannan tsare-tsare. Tsakiyar ƙari wuri ne na yunwa da ƙarancin iska, inda ƙwaya mai lafiya da tuni ta mutu. Ƙwayar daji kuwa takan kashe p53, ta tara 'yan rakiya don su tallafi furotin ɗinta masu nakasa, ta bar HIF a kunne don jiki ya shimfiɗo mata hanyoyin jini. A yawancin dajin ƙoda VHL ne ke lalacewa, sai ƙwayar ta riƙa yin kamar tana shaƙewa alhali oksijin na nan. Sanin wannan ya buɗe ƙofar magani ta fuska biyu. A 2018 ƙasar Sin ta amince da maganin roxadustat, wanda ke hana rusa HIF don masu ciwon ƙoda su samu ƙarin jini. A 2021 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da belzutifan, wanda ke toshe wani nau'in HIF a jikin masu cutar gado ta VHL da ƙari ya fito musu a ƙoda.