Gocewar ƙashin kwatangwalo a jarirai

Gocewar ƙashin kwatangwalo matsala ce da ake samu idan kan ƙashin cinyar jariri bai zauna daram a gurbinsa ba. Wani gurbin ne bai yi zurfi ba, wani ƙashin na shiga yana fita, wani kuma ya fice gaba ɗaya. Ba ta sa jariri ciwo, shi ya sa takan ɓuya har sai yaro ya fara tafiya a ga yana ɗingishi. Ta fi samun 'ya'ya mata, da 'yan fari, da waɗanda suka yi kwanciyar zaune a ciki, da kuma dangin da aka taɓa samunta. An fi ganinta a ƙafar hagu.

Tarihin gwaji

Marino Ortolani, likitan yara a Ferrara ta Italiya, shi ya bayyana gwajin da ake kira da sunansa a 1937. An ce wata uwa ce ta fara jawo hankalinsa, don takan ji ƙashin ɗanta ya yi ƙas idan tana masa wanka. Ana kwantar da jariri rigingine, a lanƙwasa gwiwoyinsa, a buɗa cinyoyin a hankali. Idan ƙashin a goce yake, likita zai ji komawarsa gurbi a yatsunsa. A 1962 Thomas Barlow na Ingila ya ƙara gwaji na biyu, inda ake haɗa cinyar a ɗan danna ta baya a ga ko za ta zame. Ya kuma lura cewa yawancin gaɓoɓin da ke rawa ranar haihuwa sukan daidaita da kansu cikin wata biyu. Wajen 1980 Reinhard Graf na Ostiriya ya fito da hanyar duba gaɓar da sikanin, domin hoton ƙashi ba ya nuna ta sosai kafin wata huɗu zuwa shida.

Naɗi da goyo

A Saudiyya ana naɗe jariri tamau da zane, ƙafafu a miƙe a haɗe, abin da ake kira mihad. Bincike ya danganta irin wannan naɗi da gocewar ƙashin, kuma a Japan cutar ta ragu ƙwarai bayan gangamin hana shi da aka soma wajen 1975. Goyo kuwa akasin haka yake yi: cinyoyi a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, kan ƙashin na zaune a gurbinsa. Cutar ba ta da yawa a al'ummomin Afirka masu goyo, don haka Hausawan Makka, Madina da Jidda da ba su yar da zani da majanyi ba sun riƙe abu mai amfani. Duk da haka goyo ba ya maye gurbin gwajin asibiti.

Magani

Kafin wata shida ana sa wa jariri ɗamarar Pavlik, wadda likitan ƙasar Cek Arnold Pavlik ya ƙirƙira wajen shekarun 1940. Tana riƙe cinyoyi a buɗe na wasu makonni. Idan jariri ya wuce wata shida sai a sa shi barci a mayar da ƙashin, a yi filasta daga ƙugu zuwa ƙafa. Yaron da ya haura wata 18 galibi sai tiyata. Ninka kunzugu ba ya magani, kuma gyaran wannan gocewa ba aikin mai ɗori ba ne.

Saɓani

Ostiriya da Jamus na yi wa kowane jariri sikanin; Birtaniya na yi wa waɗanda suka fi haɗarin samun matsalar kaɗai. Masana ba su daidaita kan wanda ya fi ba.